Sanyi a Akori-kurar Alhaji

Tudun Wada, Daura.

Zuwa ga 'yata Siddiƙa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ƙawata Nana. Yaya zafin Zariya? Namu na nan sai addu'a, ko ruwan randa sai an bar shi ya huce.

Kada ki yi mamakin ganin hoton takarda maimakon ki ji muryata. Babanku yana gida, wayarsa ta fashe ranar da abin ya faru, ya dawo ya tare a kan tawa. Ina ɗagawa zai ce a buɗe murya kowa ya ji. Yatsuna ba su saba da danne-dannen waya ba, amma biro ai tsohon abokin aikina ne tun ina koyarwa. Saboda haka zan riƙa rubutawa ina ɗaukar hoto ina turo miki, ki karanta ke kaɗai.

Da farko ki kwantar da hankalinki, ya warware. Yana cin tuwo, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, jiya har ya yi mini faɗa a kan gishiri. Da na ji faɗan nan sai na ce alhamdu lillahi, maigida ya dawo.

Ga yadda aka yi, tunda a waya ban iya faɗa miki duka ba. Ya taso daga kasuwar Zango da tsakar rana da buhunan gero, a cikin tsohuwar fijon nan tasa, akori-kurar da ta girmi yayanku. Kin san gabanta, sama rana tana dukan ƙarfe, ƙasa inji yana gasa ƙafa. Jiri ya ɗebe shi. Allah ya taimaka ya gangara gefen titi ya taka burki kafin ya kife a kan sitiyari, daidai gindin tsamiyar nan inda amininsa Malam Sada yake zama yana tufkar igiya. Shi da mutanen wurin suka ciro shi, suka kwarara masa ruwa, suka sa shi a mota zuwa asibiti. Likita ya ce hawan jini ne ya haɗu da zafi, kuma ya faɗa mini a gabansa cewa in ya sake zama cikin irin wannan zafin, ba lallai a dawo da shi a zaune ba.

Yayanku ya zo daga Katsina ransa a ɓace. Ya ce magana ta ƙare, za a sayar da mota, Baba ya zauna ya huta, ƙarshen wata zai zo da dillali. Ban ga laifinsa ba, tsoro ne ya sa shi. Amma Siddiƙa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babanku ba don gero yake bin hanyar nan ba, geron da yake kawowa ko ɗan acaɓa zai iya. Mutane yake bi. Gwiwar hannu a taga, tafiya kamar ta hawainiya, wannan ya tambaye shi jikin uwarsa, wancan ya tambaye shi ko saniya ta haihu, tafiyar da wasu ke yi kafin shayi ya huce shi sai ya ci rabin safiya. In aka ƙwace masa wannan aka ajiye shi a zaure, na rantse miki ba zai ga kaka ba. Tun da aka ambaci dillali ya rage magana, yana zama yana kallon motar kamar mai jinya. Tsoro biyu ke gare ni, zafi ya kashe shi a hanya ko zama ya kashe shi a gida.

Sai ga Damian ya zo dubiya, mai shagon kayan mota na kusa da tasha, wanda na koyar da 'ya'yansa. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce da Hausarsa da ta fi ta wasunmu: Malama, ai wannan za ta ɗauki esi, na'urar sanyaya cikin mota. Wai ba sai sabuwa ba, akwai kayan motocin da suka mutu, a tsinto nan a tsinto can, kuɗin ba zai kai na ragon layya ba. Na ce masa araha fa ba ta ado. Ya ce ai ba ado muke nema ba, sanyi muke nema.

Abin da nake so da ke, ki kira yayanku. Yana jin maganarki fiye da tawa, ni kin san ba na iya doguwar magana da shi. Ki roƙe shi ya dakata da dillalin nan mu gwada.

Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan Nana.

Mahaifiyarki,
Rahmatu.

*

Tudun Wada, Daura.

Siddiƙa 'yar albarka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mutanen gidanki. Yaya murar Nana, ta sake ta? Ki daina ba ta ruwan firij, kin ji.

Allah ya yi miki albarka. Ban san me kika faɗa wa yayanku ba, amma ya kira ya ce ya dakata. Sharaɗinsa ɗaya ne, in an sa esi, gilashi a rufe tun daga ƙofar gida har ƙofar gida. In ya ji an sauke, dillali na nan. Babanku ya amsa da to, irin to ɗin nan tasa da ba ta wuce leɓe.

An sa, Siddiƙa! An sa kuma tana yi. Amma kafin a kai nan an sha kallo. Babanku ya ce ba mai taɓa masa mota ba ya wurin, don haka kullum sai ya ɗauki darduma ya tafi garejin da Damian ya kai ta, ya zauna a inuwa yana ba da umarni a kan abin da bai taɓa gani ba. Damian ya samo kwamfuresa, wato tukunyar da ke matsa iskar sanyin, daga wata ƙaramar mota da ta yi hatsari. Injin fijo ba shi da wurin ɗaura ta, sai da mai walda ya ƙera mata mazauni. Da aka kunna wutar walda kusa da injin, an ce babanku ya miƙe tsaye yana salati. Aka ja mata bel daga inji, aka rataya wani ɗan akwati mai hura iska a ƙarƙashin gaban mota, daidai inda gwiwar fasinja take, aka ɗura gas.

Sai aka zo ɗaga gilashin taga, gilashi ya ce bai san zancen ba. Ashe rabon da a murɗa hannun gilashin nan tun kina goye. Da aka kwance ƙofar, gidan zanzaro aka tarar a ciki har hawa-hawa, da ɓawon gyaɗa, da wata hular yayanku ta makarantar firamare da na yi ta nema har na doke shi a kanta. Gilashin kuwa lafiyarsa lau, ko tsaga babu, ya sha hutu.

Gwajin farko lagireto ya tafasa kafin su kai bakin gari. Babanku ya dawo yana murna a ɓoye, yana cewa ai ya faɗa, motarsa ba ta saba da sangarta ba. Damian ya koma shago ya ɗauko wata fanka ya ɗaura a gaban lagireton. Tun daga nan bai sake tafasa ba. Abin da ya rage kawai, in aka kunna esin sai motar ta ɗan yi tari ta rage ƙarfi. Na ce wannan ba matsala ba ce, mai ita ma ba sauri yake yi ba.

Da aka kawo ta gida Damian ya ce Malama ta shiga ta ji. Na shiga, aka rufe. Wallahi sai da na ja mayafi. Ƙarar akwatin kamar ta injin markaɗe, yana kuma ɗigar ruwa a kan ƙafa, amma sanyi dai sanyi ne. Na saci kallon babanku, ya jingina kai ya lumshe ido, da ya ga ina kallonsa sai ya gyara zama ya ce wai ba laifi. Kin san daga bakinsa wannan yabo ne babba.

Damian ya yi mana gyara kuma. Ya liƙa wata baƙar leda a gilasan gefe da rabin na gaba, wai tana hana rana shiga, esin ba za ta wahala ba. Ya ƙi karɓar ko kwabo a kanta. Motar ta koma kamar ta manyan mutane, yaran unguwa suna ta leƙa fuskarsu a jiki.

Ran kasuwa mai zuwa zai koma Zango, karo na farko tun faɗuwarsa. Ki taya ni addu'a. Amma yau dai na ci abinci na ƙoshi.

Ki gaida kowa da kowa.

Mahaifiyarki,
Rahmatu.

*

Tudun Wada, Daura.

Siddiƙa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke. Na ce kamar yadda muke, ki riƙe wannan da kyau, domin in wani ya kira ki da wani labari daban, ƙarya ne. Babanku na nan da ransa, yanzu haka ina jin tarinsa a zaure.

Ki zauna in ba ki labari. Ya je Zango ya dawo lafiya, rigarsa a bushe, ya ci tuwo har da ƙari. Abin da kawai ya ce, wai mutanen hanya sun canja. Yana ta ɗaga musu hannu har kafaɗarsa ta gaji, ba wanda ya ɗaga masa, sai dai su bi motar da kallo. A gindin tsamiya ma ya rage gudu ya ɗaga wa Malam Sada hannu biyu, Malam Sada ya sunkuyar da kai. Babanku ya ji haushi ya wuce. Daga ni har shi ba wanda ya tuna cewa na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki.

Washegari da hantsi ina tankaɗe, sai na ji mota ta tsaya, sai sallama. Mata suka shigo a jere, na ƙauyukan hanyar Zango, wasu na san su wasu ban sani ba, kowace da ƙwaryar gero ko ƙullin kuka. Suka zube a tabarma, babbarsu ta kama hannuna ta ce, Malama, yaya haƙuri? Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya sa ya huta. Na ɗauka yayanku ne ya yi hatsari a hanyar Katsina. Da ƙyar na ce wa? Suka kalli juna.

Kafin su amsa sai muka ji ihu daga waje. Mazan sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Malam Sada ya ɗaga hannu zai ja fatiha, sai ga mamacin ya fito daga zaure da kofin koko a hannu yana tambayar lafiya. An ce wani ya bar takalminsa. Malam Sada kuwa bai gudu ba, zama ya yi daɓas yana kallonsa, sannan ya fashe da kuka kamar yaro.

Da aka natsu suka yi bayani, kuma wallahi ban ga wautarsu ba. Su suka ɗauke shi ranar nan ba ya motsi. Suka yi ta kiran wayarsa, a kashe. Sai ga motarsa ta wuce da baƙin gilashi, ba gwiwar hannu a taga, ba sallama. Malam Sada ya ce tun da yake bai taɓa ganin motar nan ta wuce shi ba gaisuwa ba, ko ranar da aka haife ki ana sauri sai da ta tsaya. Don haka suka ce Alhaji ya rasu, magada sun sayar wa wani mai kuɗi. Har sun yi fushi da mu da ba mu aika musu jana'iza ba, suka ce duk da haka hakkin zumunci ne su zo.

Aka yi dariya har da riƙe ciki. Na dafa musu shinkafa da wake, geron kuwa suka ce ba za su koma da shi ba, ya zama na barka. Kowa yana cewa Alhaji yana da sauran shan ruwa. Ni ma na yi dariyar, amma ba ta kai zuci ba. Na ɗanɗani abin da nake tsoro, Siddiƙa, ko da na ɗan lokaci ne, kuma ba daɗi.

To, tsugune ba ta ƙare ba. Suna tafiya babanku ya fita waje. Can na leƙa na gan shi a jikin mota yana ɓare baƙar ledar nan da farce, ko wuƙa bai nema ba. Ya ɓare ta tas. Ya shigo ya ce mun sa shi a kabari da ransa, mun sa amininsa kuka, shi da rufe gilashi har abada. In zafi zai kashe shi, gara ya kashe shi mutane suna ganin fuskarsa. Na ce ai ledar ce matsala, ga shi ka cire. Ya ce gaisuwa ta bayan gilashi gaisuwar kurame ce. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Damian ya zo yana ba da haƙuri kamar ya yi kisan kai, ya kuma gaya masa in taga tana buɗe sanyin duk titi zai sha. Babanku ya ce to titi ya sha.

Kada ki faɗa wa yayanku tukuna. Ki bar ni in ga abin da zan iya kafin ran kasuwa.

Ki gaida Nana, ki ce kakanta ya mutu ya dawo. A'a, kada ki faɗa mata haka.

Mahaifiyarki,
Rahmatu.

*

Tudun Wada, Daura.

'Yata Siddiƙa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar mai farin ciki. Yaya gida, yaya maigidan, yaya ƙawata? Na ga kiranki har sau nawa, ban ɗaga ba ne don ina so in ba ki labarin a tsanake.

Ɓoyon da na ce ki yi bai yi amfani ba. Wani ɗan Zango da ke aiki a Katsina ya je har ofis ya yi wa yayanku ta'aziyya. Yayanku ya kira a gigice, babanku ya karɓe wayar, garin nuna masa yana raye ya faɗa masa komai har da rantsuwar da ya yi a kan gilashi. Ran kasuwa da sassafe sai ga yayanku a ƙofar gida. Bai zo da dillali ba, amma ya ce yau zai tafi da makulli.

Suka tsaya a tsakar gida, uba da ɗa, kowa ya haɗe rai, kamarsu ɗaya har ta ba ni haushi. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ɗauki mayafi na ce tunda yau ce ta ƙarshe, a bar shi ya je ya sallami mutanensa, kuma da ni za a je. Yayanku ya ce shi ma zai bi. Muka matsu mu uku a gaba, ni a tsakiya, akwatin esi yana ɗigar mini ruwa a ƙafa.

Babanku ya kunna esin don kada a ce bai kunna ba, ya sauke gilashi har ƙasa, ya ɗora gwiwar hannu. Kafin mu fita gari iska mai zafi ta cika motar. Ina ganin gumi yana bin bayan kunnensa yana shiga wuyan riga. Yayanku yana gani shi ma. Ni kuwa duk addu'ar da na sani na karanta.

Muka iso gindin tsamiya. Babanku ya tsaya ya yi sallama da ƙarfi, ya miƙa hannu ta taga. Malam Sada ya amsa sallamar, amma bai karɓi hannun ba. Ya ajiye igiyarsa, ya taso da sandarsa, ya zo ya tsaya a gaban motar, tsakiyar hanci. Ashe ranar da suka zo, matan sun ji komai daga bakina a kan maganar likita, sun kai gida. Ya ce, Alhaji, ni na ciro ka daga motar nan, na san nauyinka. Na yi kukanka sau ɗaya, ban da ƙarfin na biyu. Ga gilashi fari tas, muna ganinka kana ganinmu. Ka ɗaga, ko ka bi ta kaina.

Babanku ya ce Sada ka matsa. Ya ce ba zai matsa ba. Mutanen wurin suka taso suka tsaya a bayansa, masu faci da mai rake da wasu mata da tallan fura, ba mai dariya. Kowa ya ɗaga hannu yana juya shi a iska kamar mai murɗa gilashi. Motoci suna ta ham a bayanmu.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na dai ji ƙarar hannun gilashin, ƙiiƙ, ƙiiƙ, a hankali, babanku yana gunaguni wai yau shi ake tsarewa a hanyarsa. Da ya rufe ruf, Malam Sada ya zagayo ya ɗora tafin hannunsa a jikin gilashin daga waje. Babanku ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ɗora nasa daga ciki. Aka buɗe mana hanya.

Daga nan har Zango labari ya riga mu. Duk inda muka wuce hannuwa suna sama, shi ma nasa yana sama. A wani ƙauye ya ɗan sassauta gilashin zai tambayi wani jikin matarsa, mutumin ya daka masa tsawa ya ce ta samu sauƙi, rufe! Yayanku ya kasa riƙewa, ya yi dariya har da buga ƙafa, rabon da in ji dariyarsa tun kafin faɗuwar nan. Babanku ya ce duk kun haɗa baki, alhali wallahi ban aika wa kowa ba.

A Zango yayanku ya sauka zai hau motar Katsina. Ya zagaya wajen tagar babanku, ya durƙusa ya yi sallama ta bayan gilashi, ya juya ya tafi. Makulli yana jikin mota, ba wanda ya ambace shi.

Da muka juyo rana ta take, irin lokacin da abin ya same shi. Na ce bari in sa masa ido har gida. Na kalli goshinsa a bushe, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya yana gaisuwa, yana ba ni tarihin kowane gida da muka wuce. Ban san sanda barci ya ɗauke ni ba. Sai ji na yi yana taɓa kafaɗata yana cewa Malama, sauka, mun iso, kin cika mini mota da minshari.

Ki yi mana godiya wurin Allah, ki kuma kira yayanku ki sa masa albarka a madadina. Ki gaida maigidanki da kyau. In kun zo hutu a kawo mini Nana da rigar sanyi, kakanta ya ce zai kai ta Zango.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Rahmatu.